Dashen da Malam Ya Bari

Abincin da na fara iya haɗiyewa bayan rasuwar Malam, mijina, kwaɗon zogale ne. Gwaggonsa ce ta shigo da shi ɗaki a ƙaramin kwano, ta zauna a gabana ta ce ba za ta tashi ba sai na ci. Na ci kaɗan don ta ƙyale ni. Ganyen yana da laushi ƙwarai, ba irin na kasuwa ba, amma ban tambaya ba. Sai da gari ya waye na fito alwala na ga inda aka samo shi. Layin zogalen da ke jikin bangon gabas duk an zage shi, sai tsinkaye a tsaye cikin ledoji.

Ban ga laifin matan da suka yi ba. Daga ƙauye suka zo girkin makoki, suka ga zogale a gidan ɗan'uwansu, ga baƙi cike da gida. Ba wanda ya gaya musu cewa ba namu ba ne.

Na makaranta ne. Malam yana koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandaren gwamnati da ke bayan unguwarmu a Fadaman Mada. A farkon shekarar wata ƙungiya ta ba shi ɗan tallafi, irin wanda suke ba makarantu don a koya wa yara sauyin yanayi da kula da muhalli. Abin da ya yi musu alkawari shi ne ɗalibansa za su yi renon itatuwa tun daga iri, su dasa su kewaye da filin makarantar. Filin fetal yake, ba inuwa ko ta tsayawa. Da bazara azuzuwan kan yi zafi har yara su riƙa kifa kai a kan benci, kuma iskar farkon damina ta taɓa yaye rufin wani aji. Tallafin ba shi da yawa. Baro ya saya, da butocin ban-ruwa, da diga da shebur, da taki. Ledojin kuwa yara ne suka tsinto su daga kwatoci, na ruwan sha da ake yarwa, suka wanke suka cika da ƙasa. Ya ce tsintar ma darasi ce.

Da yake makarantar ba katanga, ba ruwa, tsakar gidana aka mayar wajen reno. Darbejiya, mangwaro, tsamiya, zogale, da wasu da ban san sunansu ba. Na yi ƙorafi a lokacin. Na ce ba ni da wajen shanya, ba ni da wajen daka. Ya ce in yi haƙuri, kafin a ba da hutu za su tafi. Har sun haƙa ramukan, shi da yaran. A makon da za a dasa ciwon ya kwantar da shi.

A asibiti bai yi mini wasiyya ba, don ba mu ɗauka tafiya ce ba. Abin da ya riƙa tambaya shi ne ko na ɗaga ledojin. Idan aka bar leda wuri ɗaya, saiwa takan huda ta ta kama ƙasa, ranar ɗauka sai ta tsinke. Na ce masa ya bar zancen itace ya sha magani. Ya ce, "Da bakina na ce wa mutanen nan za a dasa a daminar bana. Amana ce." Na ci gaba da ɓare masa lemo.

Wannan maganar ce ta zauna mini. Ban yi karatu mai zurfi ba, kuma abin da yake faɗi game da ɗumamar duniya ba duka nake ganewa ba. Abin da na gane shi ne ya karɓi amana, ya tafi bai sauke ba, ga ta kuma a tsakar gidana tana girma. Idan itatuwan suka mutu, za a ce an ba Malam tallafi bai yi komai ba. A garin nan an san yadda ake faɗin irin wannan maganar, da ɗan murmushi. Shi kuwa ba ya nan balle ya ba da amsa.

Yaranmu ƙanana ne, mahaifiyata ta tafi da su gidanta a unguwar Wunti, ana kawo mini su ranar Juma'a. Gwaggo ce ta zauna da ni takaba, kuma a gidansu takaba tana da dokoki. Ta ba ni 'yar wuƙa in riƙa riƙewa. Ba zan wuce zaure ba. Namiji ba zai ji muryata ba in ba muharrami ba. Ba zan tona ƙasa ba ko da tsinke, tunda ƙasar ba ta daɗe da karɓar mijina ba. Na san malamai suna cewa wasu daga cikin waɗannan al'ada ce kawai. Amma ba ni da ƙarfin gardama, kuma ita ta goya Malam yana jariri.

Ɗaga leda ba ya cikin dokokin, don ba wanda ya taɓa tunaninsa. Agusta ya zo da ruwa mai yawa, itatuwan suka miƙe, zogalen da aka zage ya sake toho. Kowace safiya nakan bi layi ina ɗagawa, ina jin ƙananan saiwoyi suna tsinkewa a hankali, kamar ana farke tsohon ɗinki. Ban sauya jerin da ya yi ba. Gajeru a gaba, dogaye a baya, yadda yake jera yara da safe kafin a shiga aji.

"Ke takaba kike yi ko lambu?" in ji Gwaggo daga kan tabarmarta.

"Duka biyun aka bar mini, Gwaggo."

"To ajiye wuƙar tukuna, kada ki yanke wa gwamnati mangwaro."

Da aka koma makaranta a Satumba na aika a gaya wa shugabar makarantar ina son ganinta. Madam ake ce mata. Kirista ce, iyayenta 'yan kudu, amma a barikin sojoji na Shadawanka ta tashi, Hausarta ta bariki ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ranar jana'iza ta yi kuka har sai da aka riƙe ta. Ta zo bayan an tashi, takalminta a hannu saboda taɓo, ta tsaya tana kallon tsakar gidan.

"Sun yi girma," ta ce.

"Sun fi ƙarfin ledarsu, Madam. Yaushe za a kwashe?"

Ta zauna a kan turmi. "Matar Malam, ka yi haƙuri. Mutanen tallafi sun yi waya. Sun ce za su zo ƙarshen Oktoba, a yi taro, a kira manya daga ofis, a dasa a gabansu su ɗauki hoto. Sun ce a jira su."

"Ƙarshen Oktoba akwai ruwa?"

"Babu. Na sani. Ni ma na yi noman masara a bayan bariki."

"To?"

"To idan na dasa ban jira ba, suka zo ba abin da za su ƙaddamar, wa za a kira ofis? Ni. Makarantar nan ba ta taɓa samun irin wannan ba. Idan suka yi fushi, an rufe mana ƙofa ke nan."

Gwaggo, wadda na ɗauka gyangyaɗi take yi, ta ce, "Hoton ne zai ba su ruwa?"

Madam ta yi 'yar dariya. Ta ce za ta sake kiransu. Daga baya ta aiko cewa wanda ke da ikon sauya ranar ya yi tafiya.

Sai kuma Yaya, wan Malam. Gidan da muke ciki na mahaifinsu ne, shi ke da ta-cewa a kansa. Ba mugu ba ne. Shi ya ɗauki nauyin asibiti da likkafani bai faɗa wa kowa ba. Amma tun Malam na da rai yake cewa wahala ce mutum ya yi wa gwamnati shuka. Ya zo maganar sadakar arba'in, ya tsaya a bakin zaure yana magana da Gwaggo, ina ji daga ɗaki.

"Ina za a kafa tukwane? Ina mata za su zauna? Ga bango duk ya jiƙe, ya fara zuba. Gwaggo, ki gaya mata na yi haƙuri saboda shi. A matsa da su gefe a yi sadaka. Washegarin arba'in zan sa a fitar da su waje, mai so ya ɗauka."

"Awaki ne masu so," in ji Gwaggo.

"To su ma bayin Allah ne."

Daga nan na koma kallon sama. Hadari yakan haɗu da la'asar ta gabas, ya yi baƙi, a yi tsawa, sai iska ta watsa shi. Da safe raɓa ta fara nauyi a kan ganye. Gwaggo, wadda ta yi noma duk rayuwarta, ta shafa ganyen darbejiya ta kalli tafin hannunta, ta ce damina ta fara haɗa kayanta. "Bana ma ba ta da alkawari. Ta zo a makare, za ta tafi da wuri." Ta faɗa ne kamar labarin kasuwa.

Na yi tunanin in sa hijabi in tari mai keke in kai su da kaina. Amma ko na kai, ba zan tona ƙasa ba, filin ba nawa ba ne, kuma mabuɗin siton da diga da baro suke ciki yana jakar Madam. Na yi tunanin in kira mutanen tallafin. Ba ni da lambarsu, wayar Malam kuma tana hannun Yaya. Ban taɓa sanin gida zai iya yi wa mutum ƙunci haka ba.

Arba'in ta faɗo ranar Asabar. Da sassafe matan ƙauye suka iso, aka tura ledojin jikin bango, wasu a kan wasu, aka kafa duwatsun murhu a tsakiya. Ina zaune a ɗaki, ƙofa a buɗe, mata na shigowa suna yi mini gaisuwa, ina amsawa, idona yana waje. Wutar babbar tukunya tana kusa da layin mangwaro. Na ga ganyen farko ya lanƙwashe ya yi duhu. Na ga an watsa ruwan wanke-wanke mai sabulu a kan tsamiya. Wata ta ɗora faranti a kan darbejiya, kan ya karye. Ba wanda ya yi da gangan. Madam ta zo da malamai mata, ta zauna kusa da ni, ita ma wajen take kallo.

A waje maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi. Ina jin muryar liman yana jan addu'a, ana amsawa. Na san da an shafa za a raba masar sadaka a watse. Idan aka watse, gobe washegarin arba'in ce, kuma Yaya ba ya maimaita magana.

Na tashi. Gwaggo ta ce, "Ina zuwa?" Na bi ta tsakanin tukwane na shiga zaure, na tsaya a bayan labulen ƙofar waje. Na ji ta biyo ni, ta kama gefen hijabina. Ba ta ja ba, ta riƙe dai. Da aka shafa, kafin hayaniya ta tashi, na yi sallama.

Tun rasuwar ba wanda ya ji muryata a cikin mazan.

"Lafiya?" Muryar Yaya ce. "Koma ciki. In wani abu ne a aiko."

"Allah gafarta Malam," na ce, da liman nake, "magana ce da ni a kan mamacin."

"Ba wajenta ba ne nan," in ji Yaya.

"Bar ta, Alhaji," liman ya ce. "Don shi muka taru. Muna ji, 'yata."

Na faɗa a gajarce. Na ce ranar jana'iza an tambaya ko ya bar wani nauyi a kansa, ba wanda ya yi magana. Na ce to akwai. Ya yi alkawarin dasa itatuwa a makaranta a daminar nan. Itatuwan suna ciki wuta na cin su, ramukan suna can a haƙe, damina kuma tana tafiya. Ni ba ni da ikon fita, ba ni da ikon tona ƙasa. Na ce ban san hukunci ba, amma ina roƙon waɗanda suka zo yi masa sadaka su sauke masa wannan.

Wani ya yi tari. Wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Yau shadda za ta ga ta kanta." Aka ɗan yi dariya, aka daina.

Liman ya ce itacen da mutum ya dasa aka sha inuwarsa, ladan yana bin sa har kabari, wannan ba sabon abu ba ne. Sannan ya tambaya wa ke da iko da filin. Aka ce shugabar tana ciki. Gwaggo ce ta juya ta yafito ta. Madam ta zo ta tsaya kusa da ni a bayan labule, ta rungume jakarta.

"Baba, an ce mini in jira baƙi," ta ce wa liman. "Su za su ƙaddamar."

"Sun hana a yi wa mamaci sadaka?"

"Ba su yi maganar wannan ba."

"To mu ba ƙaddamarwa za mu yi ba, ba mu iya ta ba. Sadakar arba'in za mu yi. In sun zo su yi tasu."

Madam ta ƙara ƙanƙame jakarta. Ina jin numfashinta. Na san abin da take aunawa, na kuma san ba ni za a kira ofis ba. Ban roƙe ta ba, na riga na ƙarar da abin da nake da shi. Can sai na ji ta buɗe jaka. Ta miƙa mabuɗin ta gefen labule.

"A bar mini layi ɗaya saboda su," ta ce. "Kuma don Allah a yaga leda kafin a sa a rami."

Wani dattijo mai shanu, wanda gidansa ke bayan makarantar, ya ce shi zai sauya wa shanunsa hanya. "Su zan iya yi musu magana. Awakin unguwarku ne ba sa jin Fulatanci."

"Hausar ma ba sa ji," in ji telan bakin layinmu.

Maza ba za su shiga ba, gida cike da mata. Sai matan suka jeru daga bango zuwa zaure suna miƙa wa juna leda, ana miƙa wa na waje. Wasu ledojin sun kama ƙasa sosai, da aka ɗaga na ji saiwar ta tsinke da ƙarfi, na kau da kai. Ba kowa ya tsaya ba. Da yawa sun karɓi masarsu sun tafi, wasu sun ce za su je su sauya kaya ba su dawo ba. Waɗanda suka tsaya su ne malaman makarantar, da maƙwabta, da ɗaliban da suka zo addu'a, da liman da kansa. An gaya mini Yaya ya ba da motarsa a-kori-kura aka yi sawu da ita, amma shi bai je ba, kuma ya daɗe bai sake aiko mini da gaisuwa ba.

Da muka koma ɗaki Gwaggo ta zauna ta miƙe ƙafa. Na jira faɗa.

"Ƙafarki ba ta ƙetare dokin ƙofa ba," ta ce. "Na duba."

"Muryata fa?"

"Ni tsohuwa ce, kunnena ya yi nauyi."

Ban ga dashen ba. Labarinsa aka kawo mini bayan azahar, tare da taɓo a ƙafafun mutane. An cika ramukan, an kewaye kowanne da ƙaya, da ƙayar ta ƙare aka ƙarasa da tsofaffin tayoyi da fasassun bulo.

Sai ruwa ya ɗauke. Wannan jiran ya fi na farko wuya, don yanzu ba abin da zan ɗaga, ba abin da zan matsar. Rana ta buɗe kamar bazara. Madam ta sa yara suna ɗebo ruwa da butoci daga rijiyar wani gida, mai gidan ya fara ƙorafi. Aka ce mangwaron da wuta ta taɓa sun bushe. Aka ce awaki sun ture ƙaya ta gefen hanya. Na fara tunanin ko na sa an kashe su da wuri ne kawai, ko da an bar su a leda da sun fi daɗewa. Idan suka mutu yanzu, baƙin za su zo su tarar da ramuka da ƙaya, a ce ga aikin Malam, kuma Madam ce za ta tsaya a gabansu. Na daina cin abincin kirki. Gwaggo ta daina tsokanata.

Ruwan ya zo wata rana da hantsi, ba hadarin kirki, ba tsawa. Ya fara kamar wasa, ya yi ta zuba har bayan la'asar, irin mai shiga ƙasa. Na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallon sa yana cika tsakar gidan da ba komai sai layin da aka bar wa Madam. Bayansa an ƙara ɗan yayyafi, daga nan damina ta rufe.

Baƙin sun zo a lokacin da suka ce. Har lokacin ina cikin takaba. An kwashi layin da aka bari, suka dasa a gaban ofishin shugaba aka ɗauki hoto. Da yamma Madam ta biyo ta gidan da ankon taron a jikinta, ta zauna a bakin katifa ta cire takalmi.

"Sun ji haushi?" na ce.

"Shugabansu ya ji. Ya ce me ya sa ban sanar ba. Na ce ba ni na gayyaci mutane ba, mutuwa ce ta gayyace su. Sai ya ce a zaga da shi."

"Ya ga waɗanda suka mutu?"

"Ya gani. Na gefen hanya kusan duk sun tafi. Mangwaro saura kaɗan. Amma darbejiya da tsamiya sun kama, bayan azuzuwa duk kore ne. Ya tsuguna ya taɓa ƙasa. Ya tambayi yara amfanin itace, suka faɗa masa har da wanda bai tambaya ba."

"Sai me ya ce?"

"Ban sani ba ko za su sake ba mu wani abu. Bai faɗa ba."

"Ba wannan ba, Madam. A kan Malam me ya ce?"

Ta dube ni. "Ka kwantar da hankali. Ya ce malamin ya cika alkawarinsa. A gaban mutanen ofis ya faɗa, da lasifika."

Na ce ta sake faɗa mini yadda ya faɗa. Ta sake. Gwaggo tana bakin ƙofa da carbinta, ta ce Allah ya kai haske kabarinsa, muka ce amin. Sai a lokacin na lura ban kawo wa baƙuwa ko ruwa ba. Na tashi na ɗauko kofi.